In Jar Fitilar Birki Ta Ƙi Mutuwa

Shirin yaƙi da jahilci na rediyo: jawabi ga ɗaliban ajin manya

Ina gai da ɗaliban ajin manya, maza da mata, tare da malamansu, a duk inda suka taru kewaye da akwatin rediyo. Gaisuwa ta musamman ga mutanen jahar Difa: na cikin garin Difa, da na Maine-Sorowa, da Shetimari, da Geskeru, da Boso, da Gigimi, da manoman tattasai na bakin kogin Komadugu.

Darasinmu na yau a kan mota yake. Kowa ya ɗauko allo da alli, ko littafi da fensir, domin akwai abin rubutawa.

INA RUWANMU DA FITILAR MOTA?

Wani zai ce: ni ba ni da mota, ina ruwana? Ɗan uwa, da ruwanka. Mota ce take kai buhunan tattasanka kasuwa. Mota ce take kai mai naƙuda asibiti. Ɗanka yana iya zama yaron mota, ƙanenka yana iya zama direba.

Babbar hanyarmu ta ƙasa mai lamba 1, wadda ake kira Hanyar Haɗin Kai, ta taso daga Yamai, ta ratsa Maradi da Damagaram, ta zo Difa, ta wuce Gigimi. Daga Yamai zuwa Difa ya fi kilomita 1300. Daga Difa zuwa Gigimi kamar kilomita 130 ne. Tun shekarar 2015, mutane da yawa da rikici ya raba da garuruwansu suka zauna a bakin wannan hanya. Ga yara, ga awaki, ga amalanke, duk a gefen kwalta. Motar da birkinta ba shi da lafiya haɗari ce ga na cikinta, haɗari ce kuma ga na bakin hanya.

A gaban direba akwai allo mai agogo da ƴan fitilu. Wannan allo rubutu ne. Mota ce take rubuta wa direba wasiƙa. Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana iya karanta ta. Yau za mu karanta wasiƙa guda, wato jar fitilar birki.

MU SAN FITILAR

Ku zana da'ira a allonku, kamar harafin O. A cikinta ku ja ƴar sanda a tsaye, ku sa ɗigo a ƙarƙashinta. Wannan ita ce alamar motsin rai da muka koya. Sa'an nan ku zana baka ɗaya a dama da da'irar, baka ɗaya a hagu. To, kun zana fitilar birki. A wasu motoci harafin P ne a cikin da'irar. A motocin da aka yi domin ƙasar Amurka, kalma ce mai haruffa 5: B, R, A, K, E. Launinta ja ne.

In direba ya murɗa makulli, kafin inji ya tashi, fitilar takan kama. Wannan ba laifi ba ne. Tana nuna cewa ƙwanta yana da rai. In inji ya tashi, aka sauke birkin hannu, sai ta mutu. Haka lafiyayyar mota take yi.

Abu biyu ne matsala. Na ɗaya, fitila ta ƙi mutuwa. Na biyu, fitila ta ƙi kamawa ko da an murɗa makulli. Na biyun ma mugu ne, domin ɗan aiken ya zama bebe. A sa makaniki ya duba ƙwan da wayarsa.

YADDA BIRKI YAKE AIKI

Ƙafar mutum ita kaɗai ba ta iya tsai da mota mai ɗauke da kaya. Mai ne yake kai saƙo. In direba ya taka feda, babban famfo yakan tura man birki cikin siraran bututai zuwa ƙafafun mota 4. A can man yakan matsa takalman birki su kama ƙarfen da yake juyawa tare da taya. A ƙafafun gaba ƙarfen faifai ne. A ƙafafun baya na motoci da yawa, ƙarfen kamar ganga yake, takalman suna cikinta.

Mai noman rani ya san wannan aiki. In injin ban ruwa yana jan ruwa daga Komadugu, tiyo ya fashe a tsakiya, ruwa ba ya isa fangali da ƙarfi. In iska ta shiga tiyo, inji sai ya yi ta gurnani ba ruwa. Birki ma haka ne. Yoyo da iska su ne abokan gabarsa.

Wani Ba'amurke mai suna Malcolm Loughead ne ya yi rajistar wannan dabara ta birki mai aiki da mai a shekarar 1917. Daga baya aka riƙa rubuta sunan Lockheed, shi ya sa tsofaffin makanikai suke kiran man birki da wannan suna. A shekarar 1968 dokar Amurka ta tilasta a raba hanyar man birki gida biyu, a kuma sa fitilar gargaɗi. Yau motocin da muke hawa haka suke. In hanya ɗaya ta fashe, ɗayar tana riƙe mota kaɗan, har direba ya samu ya tsaya. Amma rabin birki domin tsayawa aka yi shi, ba domin a ci gaba da tafiya ba.

Fitilar guda ce, amma masu aiko da saƙo ta bakinta suna da yawa. Aikinmu shi ne mu tambaye su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

IN TA KAMA ANA CIKIN TAFIYA

Kada direba ya firgita. Ya ɗaga ƙafa daga totur. Ya taka birki a hankali, ya ji yadda feda take. Ya rage giya, ya ba da sigina, ya sauka gefen hanya inda ba mutane.

In ya taka feda ta tafi ƙasa ba ta kama ba, ya sake takawa da sauri sau da yawa. Ya riƙa sauko da giya ɗaya bayan ɗaya. Ya ja birkin hannu sannu sannu, babban yatsansa yana danne da maɓallin. Kada ya fizge shi, domin mota tana iya juyawa. Kada kuma ya kashe inji mota tana gudu: sitiyari yana iya kullewa, feda kuma ta yi tauri.

In an tsaya, a nemi wuri mai daidai. A kashe inji, a sa giya, a tokare taya da gungumen icce. Sa'an nan a fara tambaya.

TAMBAYA TA 1: AN SAUKE BIRKIN HANNU?

Sau da yawa laifin a nan yake. Direba ya sauke birkin hannu, amma bai kai ƙasa ba. Wani lokaci ƙunshin kaya ne ko gorar ruwa ta tokare shi.

A ɗaga shi, a danna maɓalli, a sauke har ƙarshe. A ta da inji a duba. In fitila ta mutu, alhamdu lillahi.

A ƙarƙashin birkin hannu akwai ɗan makunni. Shi ne yake gaya wa fitila cewa an ja ko an sauke. Ƙurar hunturu da rairayi sukan shiga ciki su maƙale shi. In kana girgiza hannun birkin fitila tana ƙiftawa, to, makunnin ne ko wayarsa. Gyaransa ba shi da wuya.

Akwai kuma lokacin da hannu ya sauka, amma takalman baya ba su saki ba. Alamarsa ita ce mota ta yi nauyi, ana jin ƙauri, ƙafar baya ta yi zafi. Kada a taɓa ƙarfen da hannu. A kusantar da bayan hannu kawai, za a ji hucin. In haka ne, a bari ya huce, a kira makaniki.

TAMBAYA TA 2: MAN BIRKI YA CIKA?

Jama'a, ku kasa kunne sosai, wannan ita ce babbar tambaya. Amsarta ce za ta nuna ko a tafi ko a kwana.

A buɗe murfin inji. Daidai gaban mazaunin direba akwai ƴar kwalbar roba fara, ana hango mai a cikinta. A jikinta an rubuta kalmomi biyu. Ku rubuta su: M, A, X a sama. M, I, N a ƙasa. MAX yana nufin iyakar cika. MIN yana nufin iyakar raguwa. Man lafiyayyar mota yana tsakanin layukan nan biyu.

A cikin kwalbar akwai wata ƴar roba mara nauyi, tana bisa man, kamar gorar masunci a kan kogi. In ruwa ya ƙaru gora ta hau, in ya janye gora ta sauka. In man ya sauka ƙasa da MIN, ƴar gorar ta sauka, sai ta kunna fitila. Shi ya sa da farko fitilar takan kama a kan kwana ko a cikin gargada, ta mutu in hanya ta miƙe. Man ne yake tangaɗi. Wannan ƙiftawa gargaɗin farko ne.

To, man birki ba ya ƙonewa kamar man fetur. In ya ragu, wani wuri ya tafi. Wurin kuwa biyu ne.

Wuri na ɗaya: takalma sun cinye. Kamar yadda takalmin ƙafa yake suɗewa, haka na birki. In sun suɗe, man yakan gangara ya cike gurbin. Irin wannan raguwa sannu take zuwa, cikin watanni. Sabon takalmin gaba kaurinsa ya kai kamar milimita 10. In ya rage milimita 3, lokacin canji ya yi. Motocin Toyota da yawa suna da ɗan ƙarfe mai yin ƙara kamar fito in takalmi ya ƙare. A Peugeot da Mercedes da yawa, ƴar waya ce a cikin takalmin, wadda take kunna fitila. Wanda ya ƙara mai kawai bai duba takalma ba, ya kashe fitila amma bai yi maganin ciwo ba.

Wuri na biyu: yoyo. Wannan raguwa da sauri take. An cika jiya, yau ya sauka. Yoyo shi ne mai kisa.

Ga yadda ake neman yoyo. Ƙasarmu rairayi ce, tana shanye ɗigo nan da nan, ba a ganin komai. Saboda haka a shimfiɗa kwali ko takardar buhun siminti a ƙarƙashin mota. Mutum ɗaya ya riƙa taka birki, ɗaya ya duƙa yana dubawa. A duba wurare 4:

1. Cikin kowace taya, ta ɓangaren da yake fuskantar mota. In ta jiƙe ta yi baƙi, ƙura ta manne, akwai yoyo.
2. Tiyon roba da yake zuwa kowace ƙafa. Zafin rana yakan tsattsage shi, kututture yakan yage shi.
3. Siraran bututan ƙarfe da suke bin ƙarƙashin mota.
4. Bayan babban famfo, da saman feda a cikin mota.

Sa'an nan a gwada feda. A ta da inji, a taka birki da ƙarfi, a riƙe, a ƙirga daga 1 zuwa 30. In feda ta tsaya cak, da sauƙi. In tana nutsewa sannu sannu, mai yana gudu, ko a waje ko a cikin famfon. In tana da laushi kamar an taka soso, iska ta shiga.

Ga hukunci, ku rubuta shi. In kwalba ta bushe, ko an ga yoyo, ko feda tana nutsewa, mota ba ta tashi. A sauke fasinja, a nemo makaniki ya zo inda take. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

WANE MAI ZA A ZUBA?

A nan ma karatu yana ceton rai. A kan murfin kwalbar an rubuta irin man da motar take sha. Ku rubuta: D, O, T, da lamba 3 ko lamba 4. DOT 3 ko DOT 4. Abin da aka rubuta a murfi, shi za a nema a jikin gwangwanin mai. A sayi gwangwani rufaffe. Kada a sayi man da aka ɗura a tsohuwar kwalba, ba suna ba lamba. Mai lamba DOT 5 kuwa wani iri ne dabam, ba a gauraya shi da waɗannan.

Kafin a buɗe murfi a goge shi da tsumma mai tsabta. Ƙwayar rairayi ɗaya tana iya karce famfo. A zuba har layin MAX, kada a wuce. In ya zuba a jikin mota a wanke da ruwa, domin yana cin fenti. A ajiye shi nesa da yara, guba ne.

Kada a zuba man inji, ko man giya, ko gazuwal, ko man gyaɗa. Irin waɗannan sukan kumbura robobin cikin famfo, birki ya lalace gaba ɗaya. Kada a zuba ruwan sabulu, yana tafasa da wuri, yana kuma kawo tsatsa. Akwai masu daka bututun ƙafar da take yoyo su toshe shi, su ce ƙafa 3 sun isa. Ba su isa ba. Ranar da aka taka birki da ƙarfi, mota za ta fizga gefe guda. Araha ba ta ado.

TAMBAYA TA 3: KO ƳAR GORAR CE TA MAƘALE?

Mu ce birkin hannu ya sauka, mai ya cika, feda tana da ƙarfi, amma fitila tana nan. Watakila ɗan aiken ne ya ruɗe. In mai ya tsufa ya yi dauɗa, ƴar gorar takan maƙale a ƙasa. A ƙwanƙwasa gefen kwalbar da yatsa a hankali. Wani lokaci sai ta taso, fitila ta mutu.

A jikin kwalbar ko a kan murfinta akwai waya biyu. Makaniki yakan zare su domin gwaji. A motoci da yawa, in an zare fitila ta mutu alhali mai ya cika, to, laifin na ƴar gorar ne. Amma ku ji da kyau: wannan gwaji ne, ba gyara ba. A canza abin da ya lalace, a mai da waya wurinta. Wanda ya bar ta a zare, ranar da yoyo ya zo ba mai gaya masa.

Wani lokaci kuma waya ce ta goge ta taɓa ƙarfen mota, ko ɓera ya ci ta. Wannan aikin mai gyaran wayar mota ne.

TAMBAYA TA 4: ITA KAƊAI TA KAMA?

A duba maƙwabtanta. Akwai wata jar fitila mai siffar akwati, da alamar tarawa da alamar ɗebewa da muka koya a lissafi. Wannan ta batir ce. A motocin Toyota da Nissan da yawa, in dinamo mai cajin batir ya daina aiki, fitilar batir da ta birki sukan kama tare. In ka ga su biyu, duba fambel: ya tsinke, ko ya saki?

Kada a raina wannan. A tsofaffin Hilux masu shan gazuwal, akwai ɗan famfon zuƙe iska a bayan dinamo. Shi ne yake taimakon ƙafar direba wajen taka birki. In fambel ya tsinke, famfon ya tsaya, feda sai ta yi tauri kamar dutse, mota ta ƙi tsayawa da wuri. Saboda haka in jar fitila ta kama, feda kuma ta yi tauri, a tsaya.

Akwai kuma fitila mai ruwan ɗorawa, da haruffa 3: A, B, S. Wannan na'ura ce mai hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi. Kamfanin Mercedes ya fara sa irinta a wasu motocinsa a shekarar 1978, yau kuwa tana cikin yawancin sababbin motoci. Tana da ƴar waya a kowace ƙafa, kuma taɓo ko ƙaya sukan ɓata ta. In ABS ita kaɗai ta kama, birki na kullum yana aiki. A tafi sannu, a kai gareji. In ta kama tare da jar fitila, a tsaya, a nemi makaniki mai na'urar bincike.

ABIN DA FITILA BA TA GANI

Fitila ta mutu, ba shi ne komai lafiya ba. Akwai abu biyu da ba ta faɗa.

Na ɗaya, jiƙewar takalma. Komadugu takan cika bayan damina, wani lokaci ta yi ambaliya, kamar yadda ta yi a shekarar 2019 da 2022. In mota ta ratsa ruwa, takalman sun jiƙe, ba sa kamawa sosai. Da an fito, a tafi sannu, a riƙa taka birki kaɗan kaɗan har su bushe.

Na biyu, tsufan mai. Man birki yana shan laima daga iska, kamar yadda gishiri yake yi da damina. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205. In ya sha ruwa, yana iya tafasa a digiri 140. Sabon DOT 4 yana jure digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa 155. In mota ta yi lodi fiye da ƙima, ga zafin bazara, ga yawan taka birki, tsohon mai yakan tafasa, feda ta tafi ƙasa alhali kwalba a cike take. Masu ƙera motoci da yawa suna cewa a canza man duk shekara 2. Ga amfanin rubutu: direba ya ajiye ɗan littafi a mota, ya rubuta ranar da aka canza mai da ranar da aka canza takalma.

ƊAN LISSAFI

Mota tana gudun kilomita 90 a awa. Kilomita 1 mita 1000 ce. Kilomita 90 ke nan mita 90,000. Awa 1 daƙiƙa 3,600 ce. Mu raba 90,000 gida 3,600. Amsa: 25.

Ma'ana, kafin ka ce "Bismillahi", motar ta ci mita 25. Daga ganin yaro a kan hanya zuwa taka birki, direba yakan ɗauki wajen daƙiƙa 1. Mita 25 ta tafi ke nan tun birki bai fara aiki ba. Ku ƙara da wannan: in gudu ya ninka sau 2, nisan da birki yake bukata yakan ninka sau 4. Wannan lissafin lafiyayyen birki ne. Ina ga mai yoyo?

KADA A RUFE BAKIN ƊAN AIKE

Akwai direbobin da in fitila ta dame su, sai su liƙa mata takarda, ko su sa a cire ƙwanta. Wasu kuma su ce: ai haka take, ta fi shekara tana ci. In fitila tana ci kullum, ranar da ta zo da labarin gaskiya wa zai gane? Mai gadin da yake ihu kowane dare, ranar da ɓarawo ya shigo ba mai fitowa.

Wasu kuma sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, rai a hannun Allah yake. Amma fasinja amana ne a wuyan direba, kuma Allah zai tambaye shi.

Ku ma masu motoci, in direba ya ce birki yana son gyara, kada ku ce sai an dawo daga kasuwa. Kuɗin takalmi da gwangwanin mai bai kai kuɗin mota ba, balle rai.

Fasinja ma yana da baki. Wanda ya zauna gaba ya ga jar fitila tana ci mota tana tafiya, ya yi magana cikin ladabi. Tsohuwa tana iya cewa: "Ɗana, ga jar fitilar birki tana ci, ko za ka tsaya ka duba mai?" Direban kirki zai amsa: "To, Inna, bari in sauka gefe." Minti 5 sun isa a duba birkin hannu da kwalbar mai. Sannu ba ta hana zuwa.

ABIN RUBUTAWA A ALLO

Malami ya rubuta waɗannan, ɗalibai su karanta da ƙarfi, sa'an nan su kwafa:

birki, fitila, feda, famfo, yoyo, takalmi
MIN, MAX, DOT 3, DOT 4, ABS

1. Jar fitila ta kama, in tsaya.
2. In duba birkin hannu.
3. In duba mai tsakanin MIN da MAX.
4. In nemi yoyo, in gwada feda.
5. In duba fitilar batir da ta ABS.
6. In akwai yoyo, mota ba ta tashi.

TAMBAYOYI DOMIN MUHAWARA A AJI

1. Man birki ya ragu. Wurare biyu da yake tafiya, waɗanne ne?
2. Don me ake shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota?
3. An rubuta DOT 4 a murfi. Mai shago ya ce ba shi da shi, amma ga man inji. Me za ka ce masa?
4. Mota tana gudun kilomita 72 a awa. Mita nawa take ci a daƙiƙa 1?
5. Direba ya ƙi tsayawa, ya ce fitilar haka take. Yaya fasinja za su yi?

Malamai, in da hali, ku roƙi wani direba na garinku ya kawo motarsa bakin aji. Kowane ɗalibi ya ga fitilar da idonsa, ya karanta MIN da MAX da bakinsa. Ku aiko mana da amsoshinku a rubuce, da hannun ɗalibai, ko da layi biyu ne.

Jama'a, a nan za mu dakata. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman direbobi da yaran mota na tasha. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a noma da kasuwa, ya ba jahar Difa da ƙasarmu baki ɗaya zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.